Cikin da aka dawo da shi daga daji: me gwamnati ta ƙirga, me fiƙihu ya ce?

Garin Zakka yana cikin ƙaramar hukumar Safana, a yammacin jihar Katsina, yankin da gonakin gero da dawa suke ƙarewa, dajin Rugu ya karɓa. Daga nan zuwa Runka, zuwa Wagini da Ruma a ƙasar Batsari, jama'a sun kwashe shekaru suna zaune da maƙwabcin da ba su zaɓa ba. Duniya takan ji labarinsu idan an yi ɓarna mai yawa, kamar a watan Fabrairun 2020 da aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar. Ana ƙirga gawawwaki da shanun da aka kora, wani lokaci har a faɗi kuɗin fansar da aka kai. Idan an sako waɗanda aka sace, sanarwa takan ce maza kaza, mata kaza, yara kaza, an duba lafiyarsu an miƙa su ga iyalansu.

Bayan wannan miƙawar ne wani lissafin yake farawa a cikin ɗaki, tsakanin uwa da 'yarta, ko tsakanin mace da zuciyarta: wata ya wuce, al'ada ba ta zo ba. Duk wanda ya san garuruwan bakin daji ya san ana dawowa da juna biyu daga hannun 'yan bindiga, budurwa da matar aure, har da yarinyar da ba ta gama girma ba. Kunya da tsoron bakin mutane sukan sa a rufe zancen. Wata a tura ta wurin dangi a Katsina ko Kano har ta sauka. Wata a nemo mata jiƙo ko ƙwayar kemis a ɓoye, sai jini ya ɓalle a ɗora ta kan babur a nufi asibitin Dutsinma ko na Batsari, a ce wa malaman asibiti ɓari ne.

Abin da aka ƙirga

Babban ma'aunin da gwamnatin tarayya take dogara da shi kan lafiyar mata shi ne binciken ƙasa na yawan jama'a da lafiya, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take gudanarwa. Na shekarar 2018 ya tattauna da mata sama da 41,000. Ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 mata 512 suna rasa rayukansu, kuma Katsina ce kan gaba a ƙasar wajen yawan haihuwa, inda mace ɗaya take haihuwar 'ya'ya 7.3 a matsakaicin lissafi. Amma akwai wani bayani ƙarami a gabatarwar rahoton da ya kamata ɗan Safana ya lura da shi. A cikin gundumomin ƙidaya 1,400 da aka zaɓa, an ajiye 11 saboda taɓarɓarewar tsaro, biyu daga cikinsu a jihar Katsina, huɗu a Zamfara, uku a Sakkwato. Wato inda wutar ta fi ci, nan ne mai alƙalami ya kasa zuwa. Babu laifin ma'aikacin da ya tsira da ransa, sai dai sakamakon shi ne matan da suka fi kowa buƙatar a san halinsu su ne suka fi saurin faɗuwa daga takarda.

Adadin da aka fi ambata kan zubar da ciki a Najeriya kuwa ya fito ne daga cibiyar Guttmacher ta Amurka tare da masana 'yan ƙasa. Sun ƙiyasta cewa a shekarar 2012 an zubar da ciki miliyan 1.25, wato 33 a cikin kowane mata 1,000 masu shekara 15 zuwa 49, kuma mata kimanin 212,000 sun kwanta jinya saboda abin da ya biyo baya. Cibiyar tana da ra'ayinta a kan wannan mas'ala, ba ta kuma ɓoye shi, don haka Musulmi yana da damar ya karanta shawarwarinta da taka-tsantsan. Amma ƙin jinin mai awo ba ya rage nauyin buhu. Kuma wannan adadi ya haɗa kowa a kwando ɗaya: ɗalibar birni, da matar da talauci ya kai ta bango, da wadda aka fizge daga ɗakin mijinta da bakin bindiga. Shari'a ba ta yi musu hukunci ɗaya ba.

Maganar cikin da aka samu a hannun masu makamai ta taɓa tilasta wa hukuma zama. A watan Disambar 2022 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya yi zargin cewa sojojin Najeriya sun zubar da ciki aƙalla 10,000 a asirce tun daga 2013, na matan da aka ceto daga Boko Haram a Arewa maso Gabas. Rundunar soji ta musanta. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta kafa kwamiti a ƙarƙashin tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, Mai shari'a Abdu Aboki, wanda a watan Nuwambar 2024 ya ce bai sami hujjar da ta tabbatar da zargin ba. Aikin kwamitin shi ne ya gano ko an aikata ko ba a aikata ba. Tambayar da ta fi damun mahaifin yarinya a Zakka, wato yaya za a yi da ita yanzu da ta dawo, ba ta cikin abin da aka ɗora masa.

Doka da takardun ma'aikata

Dokar Final Kod, wadda Arewa ta fara aiki da ita a 1960 kuma jihohi suka gada, ta tanadi a sashe na 232 ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14 ga wanda ya jawo zubewar ciki da gangan, sai idan an yi ne da kyakkyawar niyya domin ceton ran uwar. Ba ta ware fyaɗe ba. A gefe guda kuma Najeriya ta amince a 2004 da Yarjejeniyar Maputo ta Tarayyar Afirka, wadda sashenta na 14 ya nemi ƙasashe su halatta cire ciki a asibiti idan ya samu ta hanyar fyaɗe, ko tsakanin muharramai, ko yana barazana ga lafiyar uwa. Sai dai sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar waje ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Hannu ɗaya ya sa hannu a waje, ɗayan yana riƙe da tsohuwar doka a gida.

A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idoji ga likitoci kan yadda za a cire ciki a inda doka ta yarda, tare da bayanin cututtukan da ke iya kashe mai juna biyu, irin su ciwon zuciya da na ƙoda da sankara. Da jihar Legas ta ƙaddamar da nata a watan Yunin 2022, malaman addini suka yi caa, Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da su kafin Yuli ya ƙare. Darasin da 'yan siyasa suka ɗauka daga nan shi ne wannan magana garwashi ce, mai hankali ba ya taɓa ta. Mu ma a Arewa muka saba jin zancen a matsayin ajandar Turawa, kuma akwai dalilin wannan zato, domin yawancin masu kawo shi suna zuwa ne da harshen “jikina nawa ne” wanda bai san amanar Allah a kan mahaifa ba. Abin takaicin shi ne garin korar baƙon harshe mun bar namu littattafan a rufe.

Kafin a zo kan cikin, ita fa?

Tsoron farko da yake kai mace ga jiƙo shi ne tsoron a ce ta yi zina. Wannan tsoro yana da tushe a ƙasar Katsina. A mazhabar Malikiyya bayyanar ciki ga matar da ba ta da miji hujja ce, kuma mutane ba su manta da shari'ar Amina Lawal ba, wadda kotun Bakori ta yanke wa hukuncin jifa a Maris 2002, kotun Funtuwa ta tabbatar, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta rushe hukuncin a ranar 25 ga Satumbar 2003. Abin da ya zauna a kunnen talaka daga wancan lokaci shi ne ciki yana iya kai mace gaban alƙali.

Amma a buɗe Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, littafin da ake karantawa a kowane zauren ilimi daga Katsina zuwa Maraɗi. A wurin da ya ce ba a gaskata mai ciki don kawai ta ce tilasta ta aka yi, a nan take ya keɓe wadda shaidu suka ga an ɗauke ta an ɓace da ita, da wadda ta zo tana neman agaji, da wadda ta zo jina-jina. Malamin ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, amma kamar ya ga ƙauyukan Safana. Macen da aka shiga gari da babura aka tafi da ita, dangi suka sayar da gona aka kai fansa, ai gari guda ne shaidarta. Babu haddi a kanta, babu zunubi, kuma wanda ya jefe ta da kalmar zina shi ne ya shiga haɗarin bulala tamanin ta ƙazafi. Alƙur'ani ma a aya ta 33 ta Suratun Nur ya yi wa matan da aka tilasta albishir da gafara da rahama.

Malaman mazhabar ba su tsaya nan ba. Imam Malik, Allah Ya yi masa rahama, ya tabbatar a Muwaɗɗa cewa wanda ya yi wa mace fyaɗe, bayan haddin da ke kansa, zai biya ta sadakin irinta. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, wanda ya rasu a 543, ya ba da labari a Ahkamul Ƙur'an cewa lokacin da yake alƙalanci an kawo masa 'yan fashin da suka ƙwace wata mata daga ayari. Masu fatawa suka ce ai fashi a dukiya yake, wannan ba fashi ba ne. Ya yi musu raddi mai zafi, ya nuna musu cewa fashin mutunci ya fi na dukiya muni, domin mutum yakan yarda a kwashe duk abin da ya mallaka da a taɓa matarsa ko 'yarsa. Idan kuma matar aure ce, aurenta yana nan daram. Mijin zai dakata da kusantarta har ta yi istibra'i, kuma asalin hukunci shi ne ɗan da aka haifa a cikin aure ana jingina shi ga mijin, sai in ya kore shi ta hanyar li'ani da sharuɗɗansa a gaban alƙali. Mazan da suke miƙa takardar saki ranar da matar ta dawo daga daji suna bin bakin majalisa ne, littafi bai umarce su da haka ba.

Kwana arba'in da kwana ɗari da ashirin

A kan shi kansa cikin, ma'aunin malamai shi ne hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya bayyana matakan halitta uku na kwana arba'in-arba'in, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Bayan kwana 120 an yi ittifaƙi a kan haramcin zubarwa, ko ta wace hanya cikin ya samu, kuma malaman zamani ba su buɗe ƙofa ba sai idan amintattun likitoci sun tabbatar barinsa zai kashe uwar. Kafin nan ne saɓani yake. Malikiyya sun fi kowa tsanani: Shaihu Ahmad Dardir a sharhinsa na Muhtasar ya hana fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana arba'in ba, kuma wannan ne mashhurin zance, ko da yake Imam Lahmi daga cikinsu ya halatta kafin arba'in. Hambaliyya sun yarda kafin arba'in. Da yawa daga Hanafiyya sun yarda kafin busa rai idan akwai uzuri karɓaɓɓe. Shari'a ta kuma sa wa ɗan tayi diyya tasa, wadda ake kira gurra, ɗaya bisa goma na diyyar uwarsa, don kada wani ya ɗauka jini ne kawai.

Sauran ƙasashen Musulmi da suka shiga irin halinmu ba su yi shiru ba. Lokacin yaƙin Bosniya an tambayi Shaihu Yusuf Alƙardawi game da matan da sojojin Sabiya suka yi wa fyaɗe. Ya fara da wanke su daga laifi, ya ce ɗan ma ba shi da laifi kuma Musulmi ne, sannan ya ce rangwamen zubarwa ya fi ƙarfi a kwana arba'in na farko, yana raguwa gwargwadon girman cikin. A 1998 Majalisar Ƙoli ta Musulunci a Aljeriya, ƙasar Malikiyya kamar tamu, ta zauna kan matan da 'yan ta'adda suka sace, ta bayyana su a matsayin masu mutunci waɗanda aka zalunta, ta kuma buɗe ƙofa ƙunƙuntacciya a halin matsananciyar larura bisa shaidar likita. A shekarar ce kuma Muftin Masar, Nasr Farid Wasil, ya halatta wa wadda aka yi wa fyaɗe cirewa kafin kwana 120. Mutum yana iya karɓar wata daga cikin waɗannan fatawoyi ya bar wata. Abin lura shi ne kowace ta fito fili, likita ya san iyakarsa, uwa ma ta san nata.

Akwai wani ruɗani na lissafi da ya kamata malami da likita su warware tare. Asibiti yana ƙirga ciki daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, malaman fiƙihu kuwa daga shigar cikin, bambancin kusan mako biyu ne. Kwana arba'in na malam ya kusa mako takwas a katin awo, kwana 120 kuma kimanin mako 19 ne. Yarinyar da ta yi wata uku a daji, ta dawo ta ƙara wata biyu tana ɓoyewa, mai yiwuwa ta riga ta wuce duk wani saɓanin malamai. Ga irinta, kuma suna da yawa, muhawarar halacci da haramci ta zo a makare. Abin da ya rage shi ne ta haihu lafiya, a kuma san wanda zai ɗauki nauyin abin da ta haifa.

A nan ne manufofin gwamnati suke da amfani kai tsaye. A watan Nuwambar 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu, tare da shirin rage mutuwar masu juna biyu a ƙananan hukumomi 172 da suka fi fama. Yarinya 'yar shekara 13 ko 14 da ƙugunta bai buɗe ba, idan ta yi doguwar naƙuda a ɓoye a ɗaki saboda kunya, ƙarshenta ko kabari ko yoyon fitsari. Mutanen Batsari sun san inda ake kai masu wannan lalura, domin asibitin Babbar Ruga yana kan hanyarsu ta shiga Katsina. Shi kuma jaririn, idan ba a jingina shi ga uba ba, ana danganta shi ga uwarsa, yana gadonta tana gadonsa, kuma idan ba ta da hali ciyar da shi yana kan baitulmali da jama'ar Musulmi. A yau ma'anar wannan ita ce asusun zakka da waƙafi da ma'aikatar harkokin mata. Jaririn da aka tsinta a kwata shaida ne a kan unguwar da ta sa uwarsa ta ga babu wata mafita.

Kwanaki uku na farko

Likitoci suna da wa'adin da ya fi na malamai gajarta. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72 bayan abin ya faru. Maganin hana shigar ciki na gaggawa yana aiki har zuwa kwana biyar, kuma babban aikinsa shi ne jinkirta fitowar ƙwan mace, wato yana riga cikin ne tun bai samu ba. A ganina wannan ya fi kusa da babin azalu, wanda malamai suka yi sauƙi a kansa, fiye da babin zubarwa, kuma fatawa bayyananniya a kansa za ta rage yawan matan da za su kai ga tambaya mai wuya. Ba duk wadda aka keta wa haddi ake tafiya da ita daji ba. Wasu a gona ne, wasu a hanyar ɗebo itace, wasu a cikin gidajensu daren da aka shigo gari. Waɗannan suna iya riskar wa'adin idan akwai magani a ƙaramin asibitin mazaɓa, da ma'aikaciya mace mai riƙe sirri, da hanyar da za a bi. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, na tsawon watanni. Dalilin tsaro ne, amma a watannin nan macen da take buƙatar a kira mata mota cikin kwana uku ba ta da yadda za ta yi.

Jihar Katsina ba ta rasa mutanen da za su zauna kan wannan ba. Akwai alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, da malaman Izala da na ɗariƙu, da Hukumar Hisba, da likitocin mata na Asibitin Koyarwa na Tarayya da na Asibitin Turai 'Yar'aduwa, da masu bincike a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, wadda take maƙwabtaka da Safana. Binciken da ake buƙata ba sai an buga ƙofar kowa an tona asirinsa ba. Littafin asibiti ya isa ya nuna mata nawa aka kawo da zubar jini, daga wace mazaɓa, cikin wata nawa, ba tare da suna ba. Ungozomomi sun san abin da babu jami'in da ya sani. Idan wannan ya zo gaban malamai, sai su fitar da matsaya ɗaya a rubuce da Hausa, ko sun tsaya kan mashhurin mazhaba ko sun ɗauki zancen Lahmi saboda larura, a karanta ta a masallatan Juma'a na Zakka da Runka da Batsari, a liƙa ta a ɗakin awo. Limamin da ya hau mumbari ya faɗi abin da Risala ta ce game da wadda aka ɗauka aka ɓace da ita, ya hana a kira ɗanta da mummunan suna, ya yi aikin da babu ƙungiyar waje da za ta iya yi.

Tun zamanin Gwamna Aminu Bello Masari ake zaman sulhu da mutanen daji, an yi a 2019, an kuma sake sabon zagaye a Batsari da maƙwabtanta a 2025. A irin wannan zama ana maganar sakin waɗanda ake riƙe da su, da buɗe kasuwanni, da burtali, da komawa gona. Sadakin da Muwaɗɗa ta wajabta wa wadda aka tilasta haƙƙi ne nata na kanta. Hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma ba su da ikon yafe shi a madadinta, kuma sulhu ba ya kayar da shi sai in ita ce ta ce ta bari.